"Mace jikinta ne jarinta": muhawarar da ta kai zauren ma'aurata tsakar dare

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a ji haushina. Wata baiwar Allah ta zo wurina gyaran jiki da safe, haihuwarta biyar, maigidanta ya yi amarya wata uku ke nan, ranar girkinta sai ya juya mata baya har asuba. Tana kuka tana tambayata laifin me ta yi. Na ce mata ba laifi kika yi ba, sakaci kika yi. Mace jikinta ne jarinta. In kika bar tumbi ya sauko, ƙirji ya kwanta, fata ta bushe ta yi duhu, to shimfiɗa ta mutu, ko ki yarda ko kar ki yarda. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, na san abin da nake faɗa.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Anti, wallahi maganar nan ta soke ni. Wata bakwai ke nan da aka yi mini aiki aka ciro yaran nan. Cikina duk nankarwa, ga tabon ɗinki, ga fatar ta saki. Amma ki ji abin mamaki: maigidana bai taɓa cewa komai ba, shi ne ma yake nema. Ni ce nake kashe fitila tun kafin ya shigo, ni ce nake riƙe zane. In hannunsa ya kai kan cikina sai in ɗauke numfashi ina tunanin yanzu me yake ji, yanzu me yake rayawa a ransa. Har a gama hankalina na kan cikin nan, ba na jin komai. To ki gaya mini, jikin ne ya kashe shimfiɗar ko me?

Sista: Ƙanwata, abin da kika kwatanta ɗin nan likitoci sun daɗe da saninsa. Wasu masu bincike biyu a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, sun yi bayaninsa tun 1970. Suka ce mutum kan koma ɗan kallo a lokacin da ya kamata ya zama mai abin, wato kamar ya fita daga jikinsa ya tsaya gefe yana duba kansa, yana ba kansa maki. Ita kuwa sha'awa sai da natsuwa. Da zarar fargaba ta shiga, jiki ya ɗaure, ni'ima ta ɗauke, sai zafi ya biyo baya, zafin kuma ya ƙara fargabar gobe. A 2012 wasu masana biyu na Jami'ar Utrecht a Holan sun tattara bincike 57 da aka yi kan mata, suka ga yadda mace ke kallon jikinta yana taɓa kowane ɓangare, tun daga sha'awa har zuwa gamsuwa, kuma babban abin da ke ɓata lamarin shi ne wannan tunanin kai a daidai lokacin. Ni kaina a ɗakin awo na ga siririya kamar a hure ta faɗi tana ƙin jikinta, na ga mai ƙiba da ko a jikinta, aurenta lafiya lau.

Sannan ke shayarwa kike yi, har yara biyu. Sinadarin da ke kawo ruwan nono yana danne sinadarin mata da ke kawo ni'ima, shi ya sa yawancin masu shayarwa ke fama da bushewa da raguwar sha'awa. Ga rashin barci. Wannan ba lalacewa ba ce, yana dawowa.

Maman Ilham: Sista, da girmanki, amma binciken Turawa ne wannan. Baturiya ba ta da kishiya. Ba ta san abin da ake nufi da a ajiye miki yarinya 'yar shekara ashirin a ɗakin da ke kallon naki ba. Ki je ki gaya wa uwargidan da na ba ku labari ta natsu ta so jikinta, ki gani ko natsuwar za ta juyo mata da fuskar miji.

'Yar Damagaram: To Maman Ilham, wane jikin ne jarin? Don ni na ga ya canza a gaban idona. Lokacin da za a yi wa yayata aure, wata guda aka yi ana ɗura mata fura da nono da kunu, don a wurin iyayenmu ramammiyar amarya abin kunya ce, alamar ba a hutu a gidansu. A nan Nijar, Zabarmawa da Larabawan Azawak sun shahara da ƙibantar da mata, haka ma a Muritaniya. Yau ƙannena suna kallon TikTok, so suke ƙugu ya tsuke, mazaunai su cika, ciki ya lafe, fata ta yi fari, duk a jikin mutum ɗaya. Wace mace ce ta haihu sau biyar take da wannan? Awon da ake yi mana da shi kullum sai ya matsa gaba. Ni abin da ya dame ni ke nan da kalmar jari, domin jarin da kowace shekara ake canza masa farashi ba mai riƙe shi.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na namiji. Gaskiya ɗaya ce, ido yana da haƙƙinsa. Namiji da ido yake fara so, kuma Maman Ilham ba ƙarya ta yi ba. Akwai matan da daga haihuwar fari sun sallama, zane ɗaya tun safe har dare, warin hayaƙi da na madara, sannan a ce miji ne mugu. Mu maza ba mu da wannan dogon tunanin na jiki. Namiji ko da tumbi ko da sanƙo, harkarsa yake yi.

Mai Kemis: Yaya, a nan kam ban yarda ba. Shekara goma sha shida ina bayan kanta. Mata da rana suke zuwa su faɗi abin da suke so. Maza kuwa sai bayan isha, sai sun jira shago ya watse, su matso su rage murya. Maganin ƙarfi, maganin ƙara girma, maganin basir da suke cewa shi ya ƙanƙance musu gaba. Saurayin da saura sati biyu aurensa ya taɓa zuwa jikinsa na rawa, ya ce yana so a ɗaga bikin don yana ganin halittarsa ba ta kai ba. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ya gani a waya ne ya auna kansa da shi.

An yi aiki a kan wannan sosai. A 2015 likitoci a Landan sun haɗa awon gaban maza sama da 15,000 da ma'aikatan lafiya suka auna, matsakaicin tsawo a miƙe ya tsaya wajen santimita 13. Yawancin masu zuwa wurina suna kuka, cikin wannan iyakar suke. Wani binciken kuma na 2006 a Amurka, da mutum sama da 50,000 suka amsa, ya nuna kashi 85 cikin ɗari na mata sun gamsu da halittar mazansu, amma kashi 55 ne kawai na maza suka gamsu da tasu. Ka ga ke nan matan ba su ne ke ƙorafi ba, mazan ne ke cin kansu. Kuma namijin da ya shiga ɗaki da tsoron kada ya kasa, tsoron ne yake kayar da shi. Ciwo ɗaya ne da na Maman 'Yan Biyu, mu dai ba ma faɗa.

Baban Khalifa: To amma tumbi fa? Ai ba ka ce tumbi tunani ba ne.

Mai Kemis: A'a, wannan na jiki ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Kitsen ciki yana rage sinadarin maza, yana tafiya da ciwon suga da hawan jini, su kuma suna lalata jijiyoyin jini. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka sau da yawa rauni a shimfiɗa shi ne sallamar farko da ciwon zuciya ke yi. Magidanci ɗan shekara hamsin da ya ga canji, gwajin suga da awon jini yake bukata. Amma kunya sai ta kai shi wurin mai lasifika a tasha, ya sayi kwalbar da ba wanda ya san abin da ke ciki. An sha kama irin waɗannan da sinadarin Viagra a ɓoye, shi kuma in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini kan faɗi warwas, mutum ya tafi.

Hajiya Inna: 'Ya'yana ku bari tsohuwa ta ce wani abu. Shekarata 61, haihuwa tara, bakwai na raye. In jiki ne jari, to ni na karye tun kafin a haifi wasunku. Amma wallahi ban taɓa samun sakewa da Alhaji ba irin bayan da na wuce hamsin. Ina yarinya jikina cif yake, amma kullum a tsorace nake: abokiyar zamana ta fi ni haske, ta fi ni gashi, ga habaici a tsakar gida, "wasu dai sai a duhu." Shekaru na yi ina jin wannan maganar a kunnena duk ranar girkina. Da girma ya zo na daina auna kaina da kowa. Shi ma ya tsufa, haƙoransa sun zube, wa zai yi wa wani gori?

Sai dai kada in yi muku ƙarya, akwai na jiki. Da al'adata ta ɗauke na shiga bushewa da zafi har na fara gudunsa, na ɗauka shi ke nan an rufe wannan babin. Na sha tsumi, na ci gumba, na yi tsugunno, ba abin da ya canza. 'Yata ce ta matsa ta kai ni asibiti, likita mace ta ba ni man da ake sawa, cikin 'yan makonni na dawo daidai. Shekara biyu na yi ina wahala a kan abin da ke da magani, saboda a ganina tsohuwa ba ta kai irin wannan ƙara.

Sista: Allah ya saka da alheri Hajiya. Mata da yawa al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin mata ya ragu, fatar wurin ta yi laushi ta bushe. Yana da magani, amma sai ɗaya-ɗaya ke zuwa. Ni ban ce komai tunani ba ne. Abin da nake cewa shi ne a bambance ciwon da ke bukatar asibiti da raunin da baki ya yi wa mutum, don man kwalliya na shago ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Baban Khalifa: Sista ina da tambaya, ba don gardama ba. Binciken nan da kika kawo, ta yaya aka san wanne ya haifi wanne? Wataƙila matan da mazansu ke sha'awarsu ne suke son jikinsu, ba wai son jikin ne ya gyara shimfiɗar ba.

Sista: Tambaya mai kyau, kuma su kansu masu binciken sun yarda yawancinsa alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da wanne ya riga ba. Ni a ganina kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Amma Yaya ka lura da inda maganarka ta kai ka. In kallon miji ne ke sa mace ta so jikinta ko ta tsane shi, to rabin gyaran yana bakinku ku maza, ba a shagon Maman Ilham ba.

Malam: Bismillah. Na ga kowane ɓangare na jan addini zuwa gefensa a irin wannan magana, don haka bari in faɗi abin da na sani. Ado ga ma'aurata abin nema ne. A hadisin Jabir da ke Bukhari da Muslim, da suka dawo daga tafiya Manzon Allah (SAW) ya ce su dakata kada su faɗa gida kwatsam, don mai birkitaccen gashi ta samu ta taje. To Maman Ilham tana da madogara. Amma Abdullahi ɗan Abbas ya ce yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa, ya kafa hujja da aya ta 228 a Baƙara. Baban Khalifa, wannan taka ce. Mai shigowa da warin zufa da baki ba asuwaki bai cika sharaɗin neman ƙamshi ba.

Abin da ya fi tsaya mini kuwa shi ne labarin Hajiya Inna. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta taɓa nuna gajartar Nana Safiyya, sai Manzon Allah (SAW) ya ce mata ta faɗi kalmar da in an gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Kishiya ce ta taɓa halittar kishiya, kalma ɗaya, ga hukuncin da ta samu. Mu kuwa a gidajenmu miji da bakinsa zai ce wa uwar 'ya'yansa ta zama kamar buhu, a yi dariya a wuce. Allah ya kira ma'aurata tufafin juna a aya ta 187 ta Baƙara. Aikin tufa rufe abin da mutum ba ya so a gani.

Mai Haƙuri: Ban taɓa magana a zauren nan ba, yau zan yi. Shekara uku ke nan da aka cire mini mama ɗaya saboda sankara. Wata biyar na yi da sanin sakamakon kafin in yarda a yi aikin, ba don tsoron mutuwa ba, don tsoron ranar da zai gan ni. A ɗakin da aka kwantar da mu akwai wadda mijinta bai ƙara zuwa ba tun ranar da ya ji abin da za a yi, takardarta ta same ta a kan gado. Don haka Maman Ilham, ba zan ce ki yi ƙarya ba, akwai mazan da jiki kawai suka aura.

Ni da na koma gida, na hana shi shiga in ina canza kaya. Na daina kallon madubi. Gashina ya zube saboda maganin. Na ce masa ya ƙara aure na yafe kwanana. Wata rana ƙanwata da ke wanke mini ciwon ba ta zo ba, ya ce shi zai yi. Na ƙi, na yi kuka, ya zauna a bakin ƙofa ya ce ba inda za shi. Da na buɗe, ban kalli ciwon ba, fuskarsa nake kallo ina jiran in ga ya yamutsa ta. Bai yamutsa ba. Ya wanke, ya sa auduga, ya tambaye ni ko yana mini zafi. Ba a ranar komai ya dawo ba, mun kusa shekara kafin in iya barin fitila a kunne. Amma daga ranar na fara komawa cikin jikina. Babu dilka ko halawar da za ta mayar mini da abin da aka yanke, kuma ga ni da aurena.

Hajiya Inna: Allah ya ƙara lafiya 'yata, Allah ya yi wa mijin nan naki albarka.

Sista: Amin. Wata biyar ɗin nan da Mai Haƙuri ta ambata ku riƙe shi, don shi ke kashe mana mata. Da yawa sai ciwon ya ci jiki suke zuwa, kuma tsoron rasa miji na cikin dalilan. Haka na gani wurin masu yoyon fitsari. A Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Laure a Kano ana ɗinke mace ta warke sarai, amma wata ko bayan ta bushe tana jin kamar har yanzu ana toshe hanci in ta wuce. Likita ya gama nasa, saura na mutanen gida.

Maman Ilham: Mai Haƙuri, kin sa ni hawaye, Allah ya ƙara miki lafiya. Na yarda kalmar sakaci da na gaya wa matar nan ta yi nauyi, gobe zan kira ta. Amma ba zan janye duka ba. Ku zo ku ga mace ranar da ta shigo da ranar da ta gama sati biyu na dilka da halawa da turaren jiki. Tafiyarta ma canzawa take yi. Wannan gyaran mun gaje shi daga Sudan da mutanen Barno, ba yau aka fara ba. In kun ce matsalar a yadda mace ke kallon kanta take, to ni ma abin da nake gyarawa ke nan.

Mai Kemis: Dilka da lalle da humra ba wanda ya yi faɗa da su Maman Ilham. Haɗin da ake zubawa a roba ba suna shi ne magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abin da ke cikin haɗin nan sanannu ne: haidirokwinon mai dusashe launin fata, da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda, da mayukan sitiroyid masu sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, ga nankarwa manya, ga ƙuraje, ga gwiwoyi da 'yan yatsu baƙi ƙirin. Wadda ta fara don ta saki jiki a gaban miji sai ta ƙare tana ɓoye wurare fiye da da. Ke kina sayar da haɗin ko ba kya sayarwa?

Maman Ilham: In ban ajiye ba za su tafi shagon gaba, kuma wasu mazansu ne ke ba su kuɗin da hannunsu su ce a yi haske. Ni aƙalla ina gaya musu su riƙa hutawa.

Mai Kemis: Hutawa ba ta fitar da makyuri daga ƙoda.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa ido na da haƙƙi. Amma maganar Malam ta shige ni. Akwai wata kalma da na taɓa faɗa wa uwar Khalifa da wasa bayan haihuwarta ta uku, yanzu nake lissafin tun lokacin ne ta fara kashe fitila.

Amaryar Bana: Don Allah Sista ki taimake ni, kunya ta hana ni magana tun ɗazu. Kafin bikina dangin miji suka ce na cika rama, wata ƙawata ta ba ni ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Wata biyar ke nan ina sha kullum. Na yi ƙiba, amma fuskata ce ta kumbura ta zama zagaye, cikina ya fito, ƙafafuna suna nan sirara, al'adata ta rikice, ga wasu jajayen layuka a cinyata. Yanzu na fi da jin kunyar ya gan ni. Daren nan zan zubar da sauran.

Sista: A'a ƙanwata, kada ki zubar, kuma kada ki daina lokaci ɗaya. Sau da yawa abin da ake sayarwa da wannan sunan dezametazon ne, sitiroyid mai ƙarfi, alamomin da kika lissafa kuma nasa ne. Wanda ya yi watanni yana sha, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, in aka yanke kwatsam jini na iya faɗuwa, ga amai da jiri, har a rasa rai. A hankali ake rage shi, likita ne zai tsara miki. Gobe da safe ki ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ki tafi asibiti, ki faɗa musu wata nawa kika yi da guda nawa kike sha a rana, a duba miki suga da hawan jini, a yi gwajin ciki ma tunda al'adar ta rikice. In za ki iya, ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa.

Amaryar Bana: Bai ma san ina sha ba Sista.

Hajiya Inna: To ki fara gaya masa yau, 'yata. In bakinki ya yi nauyi, miƙa masa wayar ya karanta tun daga sama.